Tambayi Ungozoma: idan jariri ya faɗo bai yi kuka ba

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru mini wannan watan yawancinsu a kan jaririn da aka haifa ya ƙi numfashi ne, don haka na ajiye na wankan jego da na hawan jini sai fitowa ta gaba. Kamar kullum, na cire sunaye.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gujungu. A hunturun da ya wuce iyalina ta haihu a gida cikin dare. Yaron ya faɗo shiru, jikinsa a sake, ko motsi ba ya yi. Tsofaffi suka yayyafa masa ruwan randa, suka riƙe shi ta ƙafa kansa a ƙasa suna bubbuga bayansa, wata ta ɗauko kwano tana kaɗa masa a kunne. Can sai ya yi 'yar ƙara. Da gari ya waye muka kai shi asibiti, don jikinsa ya yi sanyi ƙalau kuma ya ƙi kama nono, sai da aka kwantar da shi. Ma'aikaciyar ta yi mana faɗa sosai, ta ce mu muka ja masa. Innata kuwa har gobe cewa take ruwan nan ne ya tashe shi. Ga shi matar ƙanena cikinta ya tsufa, kuma a gida ɗaya muke. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Malam, Allah ya raya yaro, ya sauki matar ƙanenka lafiya. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ban raina ƙoƙarinta ba, don a daren nan ba ta naɗe hannu ta zuba ido ba. Amma ba ruwan ne ya tashe shi ba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma ina kyautata zaton ruwan nan yana da hannu a kwanciyar da kuka yi a asibiti.

Yaro a ciki ba da huhunsa yake numfashi ba. Huhun cike yake da ruwa, iskar da jininsa ke buƙata ta cibiya take zo masa daga mabiyiya. Da ya fito, wannan hanyar ta kama hanyar rufewa, dole huhu ya buɗe ya karɓi aikin nan take. A cikin jarirai 100, kusan 90 da kansu suke yi, su callara kuka a shiga barka. Wajen 10 sai an taimaka musu. Wasu daga cikin goman nan abin da suke so kawai a tsane musu jiki da busasshen zani a murza bayansu. Tsakanin 3 zuwa 6 cikin ɗarin sai an tura musu iska cikin huhu. Waɗanda ke kaiwa ga danna ƙirji da allurai kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Shirun jariri iri biyu ne, kuma ido ba ya bambanta su. Akwai wanda wahalar naƙuda ba ta yi masa nisa ba. Wannan duk abin da ya taɓa fatarsa zai sa ya zabura ya ja numfashi, ruwan sanyi ne, mari ne, ko murza bayansa da zani. Alamu sun nuna ɗanka a cikinsu yake, kuma da zanin aka yi masa da ya tashi ba tare da sanyi ya kama shi ba. Akwai kuma wanda ya daɗe babu isasshiyar iska tun yana ciki, saboda doguwar naƙuda, ko cibiya ta matse, ko mabiyiya ta fara rabuwa da mahaifa. Wannan ko tambarin sarki aka buga masa a kunne ba zai motsa ba. Zuciyarsa tana nan tana bugawa, tana raguwa a hankali, kuma babu abin da zai dawo da ita sai iska ta shiga huhu. Duk lokacin da aka ɓata ana kaɗa kwano, daga rabon ƙwaƙwalwarsa ake ci. Saboda haka ƙa'idar da muke aiki da ita minti ɗaya ne tak: kafin daƙiƙa 60 su cika da fitowarsa, ko dai yana numfashi da kansa, ko kuma an fara hura masa.

Batun sanyi kuwa, kai da kanka ka san abin da ke sa ruwan randa sanyi: damshin jikinta da iska ke busarwa. Haka jiƙaƙƙen jariri yake a daren hunturu, ga shi ba shi da kitse, ga kai babba babu hula. Idan jikinsa ya huce, sukarin jininsa ya sauka, numfashinsa ya ƙara wahala, ya kasa tsotso. Abin da ka gani da safe ke nan. Riƙe shi kai a ƙasa ba ya fitar da komai daga huhu, ga santsi yana iya suɓucewa, bakwaini ma jini na iya tsinke masa a cikin kai. Albasa a hanci, hayaƙi, man zafi a ƙirji, duk a bar su.

Akwai wata magana da ta fi ruwan randa damuna. A garuruwanmu da yawa mace takan durƙusa ita kaɗai saboda kunya, ba a kiran ungozoma sai an haihu, don ta yanke cibiya ta yi wanka ta binne mabiyiya. A wasu gidajen ma ba a ɗaga yaro daga ƙasa sai mabiyiya ta faɗo, alhali tana iya ɗaukar rabin awa. Idan aka zo aka tarar da shi shiru, sai a naɗe shi a zani a ajiye gefe a ce bai zo da rai ba. Mun karanta a Risala cewa jaririn da bai yi kuka ba ba a yi masa sallah, ba ya gado, ba a gadonsa. Wannan fagen malamai ne, ba na shiga. Abin da na sani a nawa fagen shi ne rashin kuka a mintin farko ba mutuwa ba ne. A Tanzaniya, da aka koya wa ma'aikatan asibitoci takwas wannan aiki na minti ɗaya, rahoton da ya fito a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Har waɗanda ake rubutawa a littafi cewa babu rai aka haife su sun ragu da kashi 24. Ka ga ashe da yawansu da ransu suka zo, hura musu ne ba a yi.

Shawarata ga gidanku ita ce matar ƙanenka ta haihu a asibiti. Idan ta je awo na gaba, ta tambaya kai tsaye ko akwai ambu a ɗakin haihuwa, wato robar nan da ake matsawa da hannu tana tura iska ta wani ɗan murfi da ke rufe hanci da baki, kuma ko akwai mai kwana da ta iya aiki da ita. Ku yi magana da mai mota tun yanzu, ku ajiye kuɗin mai, ku binciki ko motar shirin Haihuwa Lafiya na gwamnatin Jigawa ko direbobin ƙungiya masu ɗaukar masu naƙuda suna zuwa yankinku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata, kuma a lokacin a nan Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai 20 cikin 100 ba. Waɗannan lissafin biyu ba su rasa nasaba da juna.

In kuwa haihuwa ta zo da gaggawa, ko ruwa ya datse hanya kamar yadda yake mana a damina, to a tanadi zannuwa biyu wankakku busassu da hula. Yana fitowa a ɗora shi a cikin uwarsa, kada a jira mabiyiya. A tsane shi sosai tun daga kai har baya, a yar da jiƙaƙƙen zanin, a murza bayansa sau biyu ko uku, a share bakinsa da hancinsa in akwai abin da ya toshe. In ya yi kuka, a kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata a lulluɓe su tare. In bai yi ba, kuma babu ambu, abin da ya rage shi ne wata ta kwantar da shi rigingine, ta ɗan ɗaga haɓarsa, ta rufe bakinsa da hancinsa da bakinta, ta riƙa hura masa iskar da ke cikin kumatunta kawai, kaɗan-kaɗan, tana duban ƙirjinsa yana ɗagawa, ana neman mota.

TAMBAYA: Anti, ni ƙaramar ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin sha-ka-tafi a Kano ta Kudu. An tura ni bita, aka koya mana cewa a daina zuƙe majinar kowane jariri, a daina gaggawar yanke cibiya, kuma ana farfaɗo da jariri da ambu ko babu oksijin. Na dawo na faɗa wa shugabata, wadda ta haife ni a shekaru, sai ta ce da tsohuwar zuma ake magani, ita tun kafin a yaye ni take karɓar haihuwa. Kowane yaro sai ta zura masa roba har maƙogwaro. In bai yi kuka ba ta goga masa sifirit ta yi masa allura, ta ce a tafi babban asibiti tunda ba mu da oksijin. Ambun da aka ba mu tana cikin ledarta a kabad, makullin yana hannun mai sito, shi kuma ba ya kwana. Yaya zan yi ba tare da na yi rashin kunya ba?

AMSA: 'Yata, abin da aka koya muku shi ne daidai. Amma ki sani shugabarki ba ƙirƙira ta yi ba. Zuƙe majina da tsantsar oksijin a littafi suke a zamanin da ta yi makaranta, malamai suka koyar, aka yi jarrabawa a kansu. Mu ma'aikata muna saurin yi wa tsofaffin ƙauye dariya a kan ruwan sanyi, alhali mu ma muna da namu gadon da muke riƙo ba don an gwada an ga amfaninsa ba. Goga sifirit da ruwan randa ɗan juma ne da ɗan jummai, sifirit ma ya fi saurin sanyaya jiki. Allurar da ake yi wa jaririn da bai numfasa ba, irin su haidirokotizon, ba ta da gurbi a wannan aikin.

Abin da ya canza littafin gwaji ne. A 2004 aka fitar da sakamakon wani bincike a Ajantina da Amurka a kan jarirai sama da 2,500 da suka yi kashi tun suna ciki, waɗanda su ne aka fi jin tsoron su shaƙi ƙazanta. Aka zuƙe wa rabi baki da hanci da zarar kai ya fito, aka bar rabi. Ba a ga bambanci ba. Ga kuma illa: roba in ta taɓa can cikin maƙogwaro tana rage bugun zuciya, tana iya tsayar da numfashin da ya fara, tana ji wa yaro ciwo, kuma tana cinye mintin nan. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012, jaririn da ya fito yana numfashi ba a zuƙe masa komai. Wanda bai numfasa ba ma sai kin ga abu ya toshe, ki fara da baki sannan hanci, kada ki zurfafa.

Na oksijin ya fi ba mutane mamaki. Tun 1993 likitoci a Indiya suka gwada farfaɗo da jarirai da iskar nan da muke shaƙa, mai oksijin kashi 21 cikin 100, aka sake gwadawa a ƙasashe da dama a 1998. Da aka tattara sakamakon gwaje-gwajen, sai ga shi waɗanda aka fara musu da iskar ɗaki sun fi saurin yin kukan farko, kuma mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu. Daga 2010 ƙa'idar duniya ta koma a fara da iska ga jaririn da ya cika watanninsa. Oksijin yana da ranarsa, ga yaron da ya fara numfashi amma yana nishi ko ƙirjinsa yana faɗawa, wannan a tura shi inda ake da shi. Amma a ɗora yaron da ba ya numfashi a kan babur zuwa gari mai nisan awa guda don neman tukunyar oksijin, alhali ambu na kabad, wannan kam ba tura mara lafiya ba ne, sallama ce. A asibitin Haydom da ke karkarar Tanzaniya an auna an ga duk jinkirin daƙiƙa 30 wajen fara hura iska yana ƙara haɗarin mutuwa ko doguwar kwanciya da kashi 16 cikin 100.

Tunda kin yi bita ba sai na maimaita miki komai ba, amma inda hannu ya fi kuskurewa shi ne nan. Kai ya ɗan ɗaga kaɗan, kada ya lanƙwashe gaba, kada kuma ya ƙage baya. Murfi mai lamba 1 na cikakken jariri ne, mai lamba 0 na bakwaini, ya rufe haɓa da baki da hanci, ya bar idanu. Ki hura kamar sau 40 a minti. Ni da ƙarfi nake ƙirgawa, shaƙa, biyu, uku, shaƙa, biyu, uku, don tsoro yana sa hannu sauri. Idonki a kan ƙirji. In bai ɗaga ba, iskar ba ta shiga, ko da kin ji robar tana motsi a hannunki. Ki gyara zaman murfin, ki gyara kai, ki duba baki, ki ɗan buɗe shi, ki ƙara matsawa. In akwai mai taimaka miki ta taɓa gindin cibiya ta ji bugun zuciya, sama da 100 a minti shi ake so. Lissafin Apgar, wato makin da ake ba jariri a kan yanayin lafiyarsa bayan haihuwa, a bar shi sai an gama, ba da shi ake yanke shawarar farawa ba. Kuma kada ki gaji a minti biyu ki ce ya tafi. Ƙa'idar 2012 ba ta yi maganar dainawa ba sai an yi minti 10 iska tana shiga sosai kuma babu bugun zuciya ko kaɗan.

Cibiya kuma, ga yaron da ke numfashi a jira minti 1 zuwa 3. Jinin da ke gangaro masa a lokacin yana kare shi daga ƙarancin jini a watanninsa na farko. In kuwa sai kin ɗauke shi zuwa tebur don hura masa, ki ɗaure ki yanke, iska ce gaba.

Yanzu ga shugabarki. Kada ki gyara mata a gaban mai naƙuda da danginta, ba za ta yafe miki ba, kuma ba za ta canza ba. Ki same ta ranar da babu cunkoso, ki ce an ba ku aikin maimaita darasi kuma hannunki bai faɗa ba, ta taimaka ta duba ki. In an ba ku 'yar tsanar nan ta koyo, ki kawo ta ki yi a gabanta, sannan ki miƙa mata ambun ki ce ta nuna miki yadda take riƙewa. Tsohon hannu in ya ga ƙirjin 'yar tsana ya ɗaga sau ɗaya, ba ya buƙatar wa'azi. Ke ma kina buƙatar wannan maimaicin, don a Haydom ɗin nan an ga bitar kwana ɗaya ta gyara hannun ma'aikata a kan 'yar tsana amma ba ta canza abin da suke yi a ɗakin haihuwa ba, sai da aka koma gajeren gwaji a kai a kai a wurin aiki sannan mutuwar jarirai ta sauka. A wurinmu duk mai karɓar aiki sai ta danna bakin ambu a tafin hannunta ta matsa ta ji ƙarfin iskar, ta ga murfi biyun suna nan a wanke, ga zannuwa, ga cocila mai caji, kafin mai tashi ta tafi gida.

Makulli kuwa ba abin jayayya ba ne. Ambu kayan ɗakin haihuwa ce, a kan tebur take kwana a lulluɓe. In mai sito yana tsoron a ce ta ɓata a hannunsa, ki sa hannu a littafinsa cewa ke kika karɓa. In abin ya ƙi, ki kai maganar zaman kwamitin asibitin na mazaɓa, inda mai unguwa da liman ke zama, ki yi musu bayani da Hausa yadda na yi wa Malam a sama.

TAMBAYA: Anti, daga yankin Kafin Hausa nake. Na haihu a asibiti, yarinyar ba ta yi kuka ba sai da aka hura mata iska kamar minti biyu. Sun hana a yi mata wanka sai washegari, uwar mijina ta yi fushi ta ce za ta tashi da ƙarni. Kuma mutane suna ce mini irin waɗannan yaran ba sa cika hankali. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya. Yaron da aka hura masa da wuri kuma ya amsa cikin 'yan mintoci, ya kama nono, bai yi jijjiga ba, galibi lafiya ƙalau yake tashi. Waɗanda ke samun taɓuwar ƙwaƙwalwa su ne waɗanda suka daɗe babu iska. Ki riƙa kai ta rigakafi da awon nauyi, ki faɗa wa ma'aikata yadda aka haife ta don su riƙa duba riƙe wuyanta da zamanta da rarrafenta a kan lokaci.

Wanka kuwa sun yi daidai, awa 24 ake so a jira, balle ga wadda ta sha wahala. Farin maiƙon jikinta kariya ne ga fatarta, kuma babu ƙarnin da ke bin mutum saboda an jinkirta wankan kwana ɗaya. Ki ba Hajiya haƙuri, wankan sauran kwanakin duk nata ne. A cibiya a shafa man kulohekzidin da asibiti ke bayarwa, ban da man goge baki, ban da toka.

A makon farkon nan, in kin ga ta ƙi nono, ko tana jijjiga ko taune-taune ko ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa, ko numfashinta ya kai 60 a minti, ko ƙirjinta yana faɗawa, ko jikinta ya yi zafi ko sanyi, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa, kada a tsaya hayaƙi ko jiran suna. Ku nufi babban asibiti mafi kusa. A Jahun akwai sashen jarirai a babban asibitin, inda ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF ke aiki tun 2008. A hanya ki sa ta a ƙirjinki cikin riga, fata da fata, da hula a kanta, kuma in tana iya tsotso ki ci gaba da ba ta.